Ƙanena ɗan shekara 15 zai iya tsayawa shaida a ɗaurin aure?

Yayan_Amarya:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimi a taimaka min da bayani, lokaci na neman ƙure min.

Muna zaune a Ingila ne ni da Hajiyarmu da ƙannena biyu, mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa tun muna gida. Ƙanwata za a ɗaura wa aure bayan sallah in sha Allahu kuma a nan za a ɗaura saboda angon ma nan yake aiki, za a yi na masallaci sannan a je ofishin rajista a yi na gwamnati, ni ne waliyyi. To duka wuraren biyu akwai takardar da ake so mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu, ita kuma amarya ta kafe lallai sai autanmu ya zama ɗaya daga ciki, ta ce ita ta goya shi ita ta rene shi lokacin da Hajiya ke fama da jinya, ba ta da burin da ya wuce ta ga sunansa a takardar aurenta. Shekararsa 15, ya fi ni tsawo ma, murya ta buɗe, azumi yana cikawa tun tuni, kuma wlh yaro ne mai natsuwa ba don ƙanena ba ne.

Na kira Baffanmu a Kano na gaya masa, magana ɗaya ya yi, ya ce yaro ba ya shaidar aure a nemo manya. Hajiya kuma ta ce a zamaninsu a ƙauye ɗan 15 ai ya kusa ajiye iyali, wa yake tambayar shekarun wani a wurin ɗaurin aure. Yanzu gida ya rabu biyu amarya har kuka ta yi jiya.

Abin da nake son sani, a addini akwai adadin shekarun da aka yanke wa mai shaida ne? Dokar nan ƙasar fa me ta ce? Sannan a da yaya ake yi, yaushe aka fara wannan maganar ta sai ɗan 18? Na gode Allah ya saka.

Ɗalibin_Zaure:

Wa alaikumus salam Yayan amarya, Allah ya sanya alheri ya sa a yi a sa'a. Ga abin da muka karanta a gaban malamai.

Shari'a ba ta ajiye lamba ta ce sai ɗan shekara kaza ba, sifofi ta ajiye. A Risala ta Ibn Abi Zaid wadda duk ɗan zaure ya bi ta kanta, an ce babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, kuma in ba a kafa shaidun lokacin ɗaurawa ba to miji ba zai tare da ita ba sai an kafa su. Wannan shi ne mazhabarmu ta Malikiyya, su Shafi'awa dole ne a wurinsu shaidun suna zaune lokacin da ake yin sigar, wato nema da bayarwa. Adali kuma in ka duba Mukhtasar ta Shehu Halilu shi ne musulmi mai hankali baligi, ba fasiƙi ba, kuma ba wanda aka hana shi taɓa dukiyarsa saboda rashin wayon riƙe ta ba. Kaga kenan Baffa gaskiya ya faɗa, yaron da bai balaga ba ba ya shaidar aure, wannan kam mazhabobi huɗun nan duk sun haɗu a kai. Abin dubawa kawai shi ne shin autan naku yana nan a yaro har yanzu ko ya wuce.

Balaga da alama ake gane ta, mafarki, fitowar gashin gaba, ga mace haila ko ciki. Sai in babu alama ko ɗaya ne ake komawa ƙidayar shekaru kuma a nan ne malamai suka saɓa. Mashhurin zance a Malikiyya 18. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun ce 15, haka manyan almajiran Abu Hanifa biyu wato Abu Yusuf da Muhammad, shi kuma Abu Hanifa kansa ya ce 18 ga namiji 17 ga mace. Masu 15 hujjarsu hadisin Abdullahi ɗan Umar ne da ke Buhari da Muslim, an kawo shi gaban Annabi SAW ranar Uhudu yana ɗan 14 aka mayar da shi, ranar Handaƙu yana ɗan 15 aka ƙyale shi ya fita, kuma da labarin ya kai wa Umar ɗan Abdul'aziz yana halifa sai ya ce wannan ita ce iyaka tsakanin yaro da babba ya rubuta wa gwamnoninsa. Kar ka manta kuma shekarun wata ake nufi, ɗan 15 a kalandar bature ya haura 15 a tamu da wata biyar da 'yan kai. Yadda ka siffanta shi ɗin nan alama ta nuna ya balaga, kai yayansa ne ka ja shi gefe ka tambaye shi cikin mutunci, ba abin a yi a gaban mata ba ne.

Amma fa ko ya balaga ni ba zan so a ɗora auren a wuyansa ba, kuma dalilina ba raini ba ne. Shaida ba ado ba ce, ana ajiye ta ne saboda ranar da za a yi musu. Shi ɗan'uwanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a Malikiyya shaidar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa sai wanda ya yi fice a adalci ake karɓa, ga shi har yanzu a hannunku yake ci yake sha, duk mai son ya rushe shaidarsa ta nan zai shigo. Sannan kai da kake waliyyi ba ka cikin lissafin mutum biyun, dole shaidun su zama wasu ne ba waliyyi ba, mutane da yawa a ƙasar waje suna wannan kuskuren saboda ƙarancin jama'a, waliyyi ya ƙirga kansa ɗaya a nemo ɗaya a ce an cika. A Muwaɗɗa an kawo wa Sayyadina Umar wani aure da namiji ɗaya da mace ɗaya kawai suka shaida, ya ce wannan auren ɓoye ne ba zai zartar da shi ba. Wuri guda ne Imamu Malik ya karɓi shaidar yara, in sun ji wa junansu rauni a wurin wasa, shi ma da sharaɗin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ya koya musu abin faɗa ba, to kaga aure bai shiga nan ba.

Ni a ganina ku samo dattawa biyu da aka san su da sallah da gaskiya a cikin jama'ar masallacin, sai auta ya zama na uku. Biyu shi ne mafi ƙaranci, babu wanda ya hana ƙari.

Bakano_a_Glasgow:

Slm. Ɓangaren dokar nan zan taɓa tunda malam ya gama da na addini.

A Ingila da Wales doka ba ta sa wa mai shaida shekaru ba sam, abin da take so mutum biyu su halarta su sa hannu, su zama sun fahimci abin da ake yi kuma suna jin yaren da ake bikin da shi. Saidai kowane ofishin rajista da yadda yake so, wasu za su ce sun fi son ɗan 16 wasu 18, kuma jami'in da zai ɗaura yana da damar ya ƙi yaro in ya ga bai gane me ake ciki ba, don haka ka buga musu waya tun yanzu kar sai ranar an sha kwalliya a tsaya ana ja-in-ja a bakin tebur. Mu nan Scotland dabam ne, dokar aure ta 1977 ta faɗa ƙarara sai ɗan 16 zuwa sama, da nan kuke da ba zai yiwu ba sai baɗi. A Ireland kuma 18 ne. Abin da zai ba ka mamaki tun watan Fabrairun 2023 ba a aure a Ingila sai mutum ya kai 18 ko da iyaye sun yarda, amma ba su taɓa shekarun shaidu ba.

Maganar da kuwa, su ma nan sun daɗe suna aure ba tsari, a Landan har a kewayen kurkukun Fleet ake ɗaura wa mutane aure a ɓoye a biya limamin coci 'yan kuɗi shikenan. Dokar Lord Hardwicke ta 1753 wadda ta fara aiki 1754 ita ta tilasta a yi a coci a gaban shaidu biyu ko fiye waɗanda za a iya gaskatawa a kuma rubuta a littafi, wanda bai kai 21 ba kuma sai da yardar iyaye, shi ya sa masoya suka riƙa guduwa garin Gretna Green da ke kan iyakar Scotland. Ko a wannan dokar ba a faɗi shekarun mai shaida ba. Masu bin tsofaffin littattafan cocin nan suna samun ƙannen amarya 'yan shekara goma sha sun sa hannu, wani littafin kuma sunan ma'aikacin coci ɗaya ne ke ta maimaituwa shafi bayan shafi, wanda bai iya rubutu ba ya zana gicciye.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ku yi wasa da na rajistar nan ko a ce sai daga baya. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa auren da aka ɗaura na musulunci zalla ba a bi matakan doka ba, ba aure ba ne a idon doka, kuma macen ce ke kwana ciki in an rabu. Ka tambaya ko masallacin naku yana da rajistar ɗaura aure, in yana da ita ana iya haɗa biyun rana ɗaya. Takardar da ake sa wa hannu yanzu tana da gurbin fiye da mutum biyu, to ga inda auta zai shiga hankali kwance.

Tsohon_Magatakarda:

Ɗana, Hajiyarku da Baffanku duk gaskiya suka faɗa, kowa ɓangaren da ya gani ya riƙe. Na yi aikin kotu har na yi ritaya kuma na taso a lokacin da take magana.

A da ba a zaɓar mutum biyu a ce ku ne shaidu. Da hantsi ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan uban yarinya, unguwa kaf ta fito, ga goro a faifai an rufe, wakilin ango ya nema waliyyi ya ce na ba shi, a faɗi sadaki da ƙarfi a ƙirga a gaban kowa, liman ya ce jama'a kun shaida, wuri ya ɗauka mun shaida, a shafa fatiha, maroƙi ya miƙe ya kwarara an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza lakadan ba ajalan ba, har matan da ke cikin gida su ji su saki guɗa. Yara suna nan mana, a gefe suke tsugune suna jiran a watso alawa da dabino, kuma su ma bakinsu na cikin mun shaidan nan. Amma ranar da rigima ta kai gaban alƙali ba su ake kira ba, liman ake aika wa, da mai unguwa, da dattawan da suka zauna a tabarmar gaba.

Shekaru kuwa wa ya san nasa? Babu takardar haihuwa, sai dai a ce an haife shi shekarar da Sarauniya ta zo, wato 1956, ko shekarar fari. Girman namiji da aiki ake gane shi, ya iya riƙe garma ya kai ƙarshen kunya tare da manya, uba ya yankar masa gayauna, sannan babbar alama ranar da mai gari ya sa aka rubuta sunansa a haraji, daga ranar ya zama mutum ana zama da shi a yi shawara. Sai 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin. To ɗan 15 na wancan lokacin da ke noma abin da zai ci shi Hajiya ke tunawa.

Lambar 18 da ta zauna a kan mutane daga gwamnati ta zo, shekarun jefa ƙuri'a ne, sannan dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Amma dokar auren rajista ta Najeriya da muka gada tun 1914 cewa kawai ta yi a ɗaura ƙofa a buɗe a gaban shaidu biyu, 21 ɗin da ke cikinta ta ango da amarya ce wajen neman yardar iyaye. A dokar ba da shaida ta 2011 kuma yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi amma ana sauraronsa in alƙali ya ga yana da hankalin gane tambaya. Ku da kuke inda jama'arku ba ta cika tabarma ɗaya ba ku ne ya kamata ku fi kowa tsanantawa wajen zaɓen mutum biyun nan, mu a gida yawa ke rufa mana asiri.

Yayan_Amarya:

Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara girma. Malam na gode, wlh maganar waliyyi ba ya cikin biyun nan ta amfane ni sosai. Zan kira ofishin ranar Litinin, shi kuma limamin zan same shi bayan Juma'a in ji ko takardarsu na ɗaukar suna uku.

Ɗan_Damagaram:

Mu a Faransa ba a ma tsayawa musu, 18 ne, kuma sai an kai hoton katin ɗan ƙasa na kowane mai shaida ofishin magajin gari tun kafin ranar, mutum biyu zuwa huɗu. Da can a dokar Napoleon ta 1804 sai namiji ɗan 21, mata sai 1897 aka yarda su tsaya shaida, sannan 1974 aka sauko da shekarun girma daga 21 zuwa 18. Maƙwabtanmu Jamus kuwa tun 1998 suka ce ko babu shaidu aure ya ɗauru a ofis. Kowace ƙasa da nata, duk wanda ke waje ya tambayi ta inda yake zaune kar ya ɗauki ta ɗan'uwansa da ke wata ƙasar.

'Yar_Zangon_Kumasi:

Salamu alaikum, ku yi haƙuri mace ta shigo zancen maza amma abin nan mu yake ci.

Duk kun ce a nemo dattawa, ban ƙi ba, amma ni na ga inda dattawan suka zama matsala. Yayata ta auri wani ɗan kasuwa tana ta biyu, a wani gari aka ɗaura a ɗakin wani malami saboda wai kar uwargida ta ji kafin ya shirya mata, shaidu tsofaffi biyu abokan malamin, ba takarda ba walima ba komai. Sun yi shekaru har da yara uku, ranar da ya faɗi ya rasu danginsa suka ce su ba su san da wani aure ba, ko zaman takaba ba su bari ta yi a gidan ba, na je na same ta a ɗakin haya ta tasa yaran a gaba da jakar kayansu ko kwancewa ba ta yi ba. Aka koma neman shaidu, malamin ya rasu tsofaffin nan biyu sun rasu, wanda ya rage da ya ga abin da idonsa almajirin malamin ne da ya kawo ruwa da goro ranar, lokacin bai fi 12 ba yanzu ya zama magidanci da gemunsa. Shi ne ya tsaya mata, da shi da maƙwabtan da suka san zaman da suka yi.

Mu nan Gana akwai dokar auren musulmi tun 1907, ta ce cikin mako guda ango da waliyyi da shaidu biyu da liman mai lasisi su je a yi rajista, amma mutanenmu da yawa a zango ba sa zuwa sai abu ya ɓaci. Shi ya sa nake ganin amaryar nan ba shirme take ba ko da ita don ƙauna take faɗa. Dattijo ɗan 70 zai cika sharaɗi yau, amma nan da shekara 30 in ana rabon gado wa za a kira? Ku sa dattawan ku kuma sa yaron, ku sa har da abokan ango matasa, kowa a rubuta cikakken sunansa da garinsu na asali ba lambar waya kaɗai ba don lamba tana canzawa. Ita kuma amarya ta riƙe kwafinta a hannunta kar ta ce miji ya ajiye mata, ta tura wa Baffa hoto a WhatsApp shi ma ya ajiye.

Malam ina da tambaya, shaidar almajirin nan a shari'a ta karɓu kuwa tunda yana yaro ya gani?

Ɗalibin_Zaure:

Hajiya Allah ya ji ƙan mamacin ya raya marayun, maganarki tana kan hanya. Malamai sun raba ɗaukar shaida da bayar da ita, abin da mutum ya gani yana yaro mai wayo in ya zo ya faɗe shi bayan ya balaga kuma adali ne ana karɓa, sahabbai irin su Ibn Abbas suna yara suka ji hadisai da yawa suka ruwaito bayan sun girma. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce shi ne ɗaya daga biyun da aka ƙulla auren da su alhali ranar bai balaga ba. A auren yayarki tsofaffin nan biyu su suka cika sharaɗin, shi kuma ya zo ya taimaka wajen tabbatar da cewa an yi. Sannan a Malikiyya aure yana cikin abubuwan da ake tabbatarwa da shaidar ji, wato adalai su ce mun daɗe muna ji a bakin jama'a cewa wance matar wane ce, shi ya sa maganar maƙwabtan nan take da nauyi.

Inda aka cuce ta tun farko shi ne ɓoyewar. A mazhabarmu in miji ya ce wa shaidu su rufe bakinsu kar kowa ya ji, ko da daga uwargida ce ake ɓoyewa, wannan auren sirri ne kuma ana raba shi matuƙar ba a tare an daɗe ba, tunda sun yi shekaru har da zuri'a nata ya zauna, yaran nasa ne suna da gadonsu. Malaman baya ma sun ce in adalai sun yi wuyar samu to a yawaita shaidu. Don haka Yayan amarya bayan sa hannun nan ku roƙi liman ya sanar a masallaci bayan sallah ya faɗi sunan ango da amarya da sadakin, ku yi walima ko ta shinkafa tukunya ɗaya ce ku kira Hausawa da sauran musulmin unguwar, can Kano ma Baffa ya raba goro a sanar da dangi.